Daga ina hamadar Arizona ke samun wutar lantarki?

Masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. A shekarar 2023, birnin Phoenix na jihar Arizona a Amurka ya yi kwana 31 a jere kullum sai zafin rana ya kai digiri 43 a ma'aunin Selshiyas. Hukumar lafiya ta gundumar Maricopa, inda birnin yake, ta ƙirga mutum 645 da zafi ya yi sanadin ajalinsu a shekarar. A gari irin wannan, in wuta ta ɗauke na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, maganar rai ake yi. To daga ina wutar take zuwa?

Mu fara da Palo Verde, tashar nukiliya da ke kimanin kilomita 80 yamma da Phoenix. Aikinta shi ne ta tafasa ruwa, tururin ya juya injin, injin ya ba da wuta. Bayan nan dole a sanyaya tururin, kuma wannan yana shan ruwa ba kaɗan ba. Shi ya sa ake gina irin waɗannan tashoshi a bakin teku ko babban kogi. Ita Palo Verde babu teku kusa da ita, babu kogi. Ruwan dattin Phoenix da garuruwan kewaye, na wanka da na bayan gida, shi ake tacewa a turo mata ta bututu mai tsawon fiye da kilomita 50, a sake tace shi a can kafin ya shiga aiki. Injinanta biyu sun fara aiki a 1986, na uku a 1988. Kamfanin Arizona Public Service ne ke gudanar da ita, kuma tana ba da kusan megawat 4,000. Ku auna: tasha ɗaya ke nan, tana ba da kwatankwacin abin da babban layin wutar Najeriya ke rabawa a ranaku da dama. A ganina babu dabarar da ta kai wannan hikima a duk yankin.

Sai madatsar ruwa ta Hoover a kan kogin Colorado, wadda aka kammala a 1936. Ƙarfinta ya haura megawat 2,000, amma sai in tafkin Mead, wato ruwan da madatsar ta tare, ya cika. A Yulin 2022 fari ya sa ruwan ya ja baya zuwa matakin da ba a taɓa gani ba tun cikar tafkin, wutar ma ta ragu.

Rana kuwa akwai ta har ta yi yawa. Matsalar ita ce da magariba, rana ta faɗi amma gidaje ba su huce ba, kowa na'urarsa a kunne. Tashar Solana da ke kusa da Gila Bend tana adana zafin rana cikin narkakken gishiri, ta ci gaba da ba da wuta har awa shida bayan duhu. Yanzu kamfanoni sun fi karkata ga manyan batura.

Akwai abin da ke ci min rai a labarin nan. Shekaru fiye da 40 tashar kwal ta Navajo, mai megawat 2,250, tana aiki a yankin ƙabilar Navajo, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin Amurka, tana haska manyan birane, tana tura ruwan kogin Colorado zuwa Phoenix da Tucson. An rufe ta a Nuwamban 2019 saboda iskar gas ta fi kwal araha, ma'aikata da dama suka rasa abin yi. A ranar da aka kashe injinanta, dubban gidajen Navajo ba su taɓa ganin wutar lantarki ba, wasunsu manyan wayoyin wutar ta saman filayensu suke wucewa. A shekarar ne aka fara shirin Light Up Navajo, inda ma'aikatan wuta daga jihohi daban-daban ke zuwa su kafa turaku su ja waya gida-gida.