Zoben Sauron a Yatsan Frodo: Wane Ƙarfi Ya Ba Shi?

Jama'a, barkanmu da warhaka. Duk wanda ya kalli The Lord of the Rings, ko ya karanta littafin da Tolkien ya fitar a 1954 da 1955, da wuya wannan tambaya ba ta zo masa ba. Zoben nan da ake ta zubar da jini a kansa, wanda aka ce in ya koma hannun Sauron, mugun sarkin da ya ƙera shi, duniya ta shiga uku, me ya sa a yatsan Frodo, wanda aka ɗora wa nauyin kai shi a hallaka, bai wuce layar zana ba? Ya saka, ya ɓace. Shi ke nan?

Amsar tana bakin Gandalf, dattijon nan mai sihiri, tun farkon labari, inda yake ba Frodo tarihin Gollum, wanda ya taɓa riƙe zoben: zoben yana ba mutum ƙarfi ne daidai girmansa. Abin da ya tarar a cikinka, shi yake hurawa. Gollum, lokacin yana amsa sunan Sméagol, ya kashe abokinsa Déagol ya ƙwace zoben. To me ya yi da shi? Laɓe, jin asirin dangi, da 'yan sace-sace, har kakarsa ta gaji ta kore shi. Ya shige ƙarƙashin duwatsu kusan shekara 500 yana cin ɗanyen kifi. Mafi haɗarin makami a duniyarsu, iyakacin ribar da ya ci ke nan.

Bilbo, ɗan uwan Frodo da ya tsinci zoben bayan ya faɗi daga hannun Gollum, ya riƙe shi shekara 60. Bayan tafiyar da ya tsince shi a cikinta, babban amfanin da ya yi masa shi ne ɓuya in ya hango 'yan uwan da ba ya son gani. Gaskiya ne tsufa bai kama shi ba, yana da shekara 90 kamar ɗan 50. Amma ku lura, zoben ba ya ƙara rai, ja yake yi. Wannan rai guda shi ake ta miƙewa har ya yi siriri, mutum ya gaji bai mutu ba.

Ita ma ɓacewar akwai lauje cikin naɗi. Zoben yana jan mai shi ne zuwa duniyar ɓoye, inda bayin Sauron tara, wato Nazgûl, suke. A kan tudun Weathertop Frodo ya saka shi, sai ya zama abokansa ba sa ganinsa, maƙiyansa kuwa suna ganinsa tar, har shugabansu ya soke shi a kafaɗa.

Ainihin aikin zoben shi ne mallake zukatan wasu. Frodo da kansa ya tambayi Galadriel, sarauniyar wasu halittu da ake kira Elf, me ya hana shi sanin tunanin masu sauran zobban sihiri da ke ƙarƙashin wannan zoben. Ta ce bai gwada ba, kada ma ya gwada, zai hallaka; sai ya fi haka ƙarfi nesa ba kusa ba, ya kuma horar da zuciyarsa kan danne mutane. Duk da haka idonsa ya ƙara kaifi: ya ga zoben da ke hannunta, Sam, abokin tafiyarsa, kuwa tauraro kawai ya gani.

Wurin da ya fi burge ni shi ne na Sam ɗin. Da zoben ya zo hannunsa a bakin Mordor, ƙasar Sauron, ya ji hirar Orc, wato mayaƙan Sauron, ya kuma fahimta. Sannan zoben ya fara yi masa romon baka, ya nuna masa kansa a matsayin gwarzon zamani, riƙe da takobi mai wuta, yana mayar da ƙeƙasasshen filin Gorgoroth lambu. Mai aikin lambu ne, sai aka yaudare shi da lambu. Alkawarin ya ninka abin da zai samu sau ba adadi, kuma Sam ya gane haka.

To da Gollum bai ciji yatsan Frodo ya ƙwace zoben ba fa, bayan Frodo ya isa kogon wutar da za a jefa zoben ya ce zoben nasa ne? Tolkien ya amsa wannan a wata wasiƙa ta 1963. Nazgûl takwas da suka rage ba za su iya kai masa hari kai tsaye ba. Za su durƙusa su kira shi ranka ya daɗe, su lallaɓa shi ya fito daga kogon wutar, su jira ubangidansu ya iso ya murƙushe shi. Wanda ake sa ran zai iya ja da Sauron gaba da gaba da zoben shi ne Gandalf, kuma a cewar Tolkien, da ya yi nasara mulkinsa sai ya fi na Sauron muni.