Kafin sabuwar kaza ta shiga akurki

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu mata, malamai, matasa, sannunku da zuwa.

Tun da kuɗin kiret ɗin ƙwai ya tashi, gidaje da yawa suka ce bari mu ma mu zuba kaji biyar ko shida a bayan ɗaki. Dabara ce mai kyau. Sai dai yawancin asarar da ake tafkawa, a ranar saye ake yin ta, da kuma makonni biyun da ke biye. A kan wannan zan tsaya yau.

Da farko, wace kaza kike nema? Kazar Hausa akwai juriya, tana tononta ta ci, amma ƙwanta a shekara bai cika wuce 40 zuwa 60 ba. Ta saka goma sha wani abu, sai ta yi kwanci kwana 21, sannan ta shiga renon 'yan tsaki. Kazar gidan gona kuwa takan kusanci ƙwai 300 a shekararta ta farko, in ta samu abincin da ya dace. Muna da tamu ta gida ma, Shika Brown, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta samar don ta jure yanayinmu. Akwai kuma Noiler, mai nama da ƙwai gwargwado. Ni dai, ga mai son ƙwan karin kumallo kullum, ta gidan gona zan ce ya saya. Af, zakara ba dole ba ne. Kaza tana saka ƙwai ko babu shi, ƙyanƙyasa ce kawai ba za a samu ba.

Ki nemi sagara mai mako 16 zuwa 18, domin daga mako 18 zuwa 20 suke fara sakawa. A nan ake cutar mutane. Gidajen gona kan fitar da tsofaffin kajin da suka gama aiki, musamman gab da Sallah, sai ka gan su a kasuwa da arha ana ce maka yanzu suka fara. To, arha ba ta ado. Ɗauki kazar a hannu ki duba. Ta gidan gona in sagara ce, ƙafarta rawaya ce shar, gashinta a kwance luf. Wadda ta daɗe tana ƙwai, launin ƙafa da baki ya koɗe, gashin wuya ya cinye saboda gugar keji. In aka ce tana cikin sakawa, juya ta ki laluba ƙasusuwa biyun nan da ke gefen duburarta. In yatsu biyu ko uku suka shiga tsakani, gaskiya ne. In ɗaya ne da ƙyar, ba ta yi. Ki buɗa fiffike ki duba kwarkwata, ki kara kunne a ƙirjinta ko za ki ji kurari. Wadda ta takure tana gyangyaɗi da rana tsaka, ko kyauta aka ba ki, ki bar musu abarsu.

Kin zo gida. Don Allah kada ki sake ta cikin tsofaffin kajinki ranar nan. A keɓe ta a wani lungu, da mazubin ruwanta da na abincinta daban, aƙalla mako biyu. Ki fara ba na gida abinci, sannan baƙin, ki wanke hannu. Kasuwar kaji matattarar cuta ce, kuma kaza takan ɗauko ciwo kwanaki kafin ya bayyana. Duk wanda ya yi kiwo ya san fakat, ciwon da ke share akurki da hunturu: koren kashi, numfashi sama-sama, wuya ya murɗe. Ba shi da magani, sai rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin wanda ake ɗigawa a ido, kuma ana maimaita shi duk bayan wata uku zuwa huɗu. Manyanmu a nan za su tuna 2006, lokacin da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jaji ta Jihar Kaduna, aka yi ta binne kaji. In kaji suka fara mutuwa bi-da-bi, a kira malamin dabbobi, kada a yanka a kai kasuwa.

Ranar haɗawa, da dare za ki sa su, bayan kowa ya kwanta. Za a yi 'yan tsattsage-tsattsage kwana biyu-uku, ki ƙyale su muddin ba a fitar da jini ba.

Abinci kuma, kaza mai ƙwai tana cin kamar giram 110 zuwa 120 a rana. Dusa da ragowar tuwo kaɗai ba za su ba ki ƙwai kullum ba. A sayi haɗaɗɗen abincin masu ƙwai, a ajiye musu dakakken ƙashi don ɓawo ya yi ƙwari. A zafin Maris da Afrilu ruwa a inuwa, a sauya shi da rana.

Na'am, Hajiya? Tana cewa ta sayo masu sakawa, da zuwansu gida suka tsaya cak. Hajiya, ba lallai an cuce ki ba. Wahalar hanya da baƙon wuri kan tsayar da su mako ɗaya ko biyu. Ki tambayi mai gonar irin abincin da suka saba, ki ci gaba da shi, ki hana yara kora su. In wata ya cika shiru, to ki gwada yatsun nan. Wa ke da wata tambayar?