Darasi a kan Tsohuwar Kwalejin Katsina da yadda ake kula da ginin ƙasa

Masu sauraro, assalamu alaikum. Darasinmu na yau zai kai mu cikin birnin Katsina, inda ginin tsohuwar Kwalejin Katsina yake tsaye har yanzu, duk da cewa an daɗe da daina karatu a cikinsa, an mai da shi gidan adana kayan tarihi.

An kafa wannan kwaleji a shekarar 1921, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, kuma Gwamna Hugh Clifford ne ya buɗe ta a 1922. Manufarta ta farko ita ce horar da malaman da za su koyar a makarantun lardunan Arewa, amma da yawa daga cikin yaran da suka zauna a azuzuwanta su ne suka riƙe ragamar ƙasa daga baya. Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya shiga a 1926 ya gama a 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma ya shiga a 1928 ya gama a 1933, haka nan Kashim Ibrahim na Borno da Aliyu Makaman Bida duk a nan suka yi karatu. A 1938 aka ɗauke makarantar zuwa Kaduna, a 1949 aka mai da ita Zariya, inda a yau ake kiranta Kwalejin Barewa. Ginin da aka bari a Katsina kuwa, a 1959 aka sanya shi cikin wuraren tarihi da doka ta kare.

To, a nan nake so mu tsaya sosai, domin doka tana iya hana a rushe gini, amma ba ta hana damina yi masa ɓarna. Ginin ƙasa ne, irin wanda maginanmu suka gada, kuma duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san cewa ruwa ta hanya biyu yake cin bango: ta sama idan rufi ya tsage ko indararo ya toshe, da kuma ta ƙasa idan ruwa ya kwanta a gindin bango yana jiƙa tubali har ya zaizaye. Saboda haka aikin farko na mai kula da irin wannan gini shi ne, kafin ruwan farko ya sauka, ya hau sama ya share indararo, ya toshe kowace tsaga, sannan ya sauko ya gyara magudana yadda ruwa zai yi nesa da tushe. Bayan haka sai a duba azara. Azarar giginya tana da juriya ƙwarai, shi ya sa magabata suka zaɓe ta, amma idan danshi ya daɗe a bakin da ta shiga bango, sai a ga rufi ya fara lotsawa tun ba a ankara ba.

Sai maganar yaɓe. Maginan Hausa suna da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a jiƙa a kwaɓa da ƙasa a shafe bango, ruwa ya riƙa zamewa a kai. Suna kuma da laso, wanda ake haɗawa da katsin da ake kwasowa daga ramin marina. Waɗannan kayan ba sa toshe bango ɗungurungum, suna barin danshin da ya shiga ya fita idan rana ta buɗe. Kuskuren da ake yawan yi, sau da yawa da kyakkyawar niyya, shi ne a lulluɓe bangon ƙasa da siminti. A ido yana da kyau, amma siminti ba ya kama ƙasa da gaske, kuma idan ya tsage ruwa ya shiga bayansa, ba shi da hanyar fita, sai tubali ya yi ta ruɓewa a ɓoye har ranar da ɓawon simintin zai faɗo tare da rabin bango. Ni dai a ganina, bai kamata a kai siminti jikin bangon da ya kusa haura, ko ya ma haura, shekara ɗari ba.

Mai da makaranta gidan tarihi shi ma yana zuwa da nasa larurar. Ana bukatar wayar lantarki, da akwatunan gilashi na nuna kaya, da hanyar da baƙi za su bi. Ka'idar ita ce duk abin da za a ƙara ya zama wanda za a iya cirewa ba tare da an fasa bango ba, kuma kada a toshe tagogin da suke shigar da iska, domin iskar ce take busar da ɗakin, ta kuma kare takardu da tufafin da aka ajiye daga fumfuna. Kafin a taɓa kowane sashe, a ɗauki hotonsa, a auna shi, a rubuta abin da aka yi da ranar da aka yi shi.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarancin hannun da ya iya wannan aiki. Dattawan magina da suka san kwaɓin makuba suna raguwa, matasa kuma sun koma bulo. Duk lokacin da za a yi wa wannan kwaleji yaɓe, ya kamata a haɗa kowane dattijon magini da samari biyu ko uku, a biya su, su koya a jikin bangon kansa. A darasi na gaba za mu bi haɗin makuba daki-daki, tun daga tsinto ɓawon ɗorawa. Sai mun haɗu.