Filtar Kamfani Ko Ta Kasuwa: Wacce Za Ka Sa Wa Injinka?

Assalamu alaikum jama'a. Ga filtocin baƙin mai guda biyu a kan tebur. Ta dama ta fito daga kwali mai tambarin Toyota, ta hagu kuma wani kamfani ne daban ya yi ta, ya sa sunansa a jiki. Dukkansu na inji ɗaya ne, amma kuɗinsu ba ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa kai mota juye ya san tambayar da bakanike ke yi: "Alhaji, orijina za a sa ko ta kasuwa?" Yau wannan tambayar za mu warware, kuma a kan filtar takarda za mu tsaya, wadda Turawa ke kira katirij.

Filtar da yawancinmu muka saba da ita ta gwangwani ce. A kwance ta ɗungurungum, a jefar, a ɗaura sabuwa. Ita kuwa katirij ba ta da gwangwani. Takarda ce mai ninki-ninki kamar siket ɗin 'yan makaranta, ana zura ta cikin wani gida da ke jikin injin, a rufe da murfi mai zare. Gidan da murfin na motar ne, takardar kawai ake canjawa tare da zoben roba. Wani zai ɗauka sabon salo ne, alhali ita ce tsohuwa. Ta gwangwanin sai a shekarun 1950 ta bayyana. Daga baya kamfanoni suka koma wa takardar saboda tana rage ƙarfen da ake zubarwa a bola.

Wa ke da irin wannan a motarsa? In kana da Camry mai V6 daga 2007, ko Highlander, Sienna, Avalon da Lexus RX350 masu injin 2GR-FE, ita ce a ciki. Haka Camry da RAV4 masu injin 2AR-FE na lita 2.5. Lambar filtarsu 04152-YZZA1. Corolla mai 1.8 ta 2009 da wasu shekaru bayanta ita ma takarda ce, amma ƙarama, lambarta tana ƙarewa da YZZA6. Masu Marsandi da BMW kuwa sun daɗe da sanin ta. Abin dariya, da Toyota ta fito da sabon injin 2.5 a Camry ta 2018, sai ta fara komawa gwangwani.

To, ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Kamfanin mota ba shi ne ke zama yana ninke takardar filta ba. Kwangila yake bayarwa. Na Toyota, kamfanoni irin su Denso da Toyota Boshoku ne ke yi mata. Motocin Jamus kuwa, Mann da Mahle da Hengst ne manyan masu yi musu. Mann+Hummel tun 1941 yake a garin Ludwigsburg, kuma yanzu shi ke da Wix da Purolator na Amurka. Ka buɗe kwalin BMW na asali, sau da yawa za ka ga sunan Mann ko Mahle a jikin filtar. Kenan wanda ya sayi Mann a kwalinta mai kore da rawaya, ya sa wa motar Jamus, bai kauce hanya ba. Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Saboda haka kalmar "ta kasuwa" ta yi faɗi da yawa. A cikinta akwai waɗanda ke yi wa kamfanonin mota aiki, akwai masu tsada da ke amfani da zaren roba maimakon takarda zalla, akwai kuma marasa suna da ba wanda ya san inda aka buga su. Haɗa su a kwando ɗaya zalunci ne.

Mu duba aikin da filtar ke yi. Tsakanin karanshaf, wato babban sandan ƙarfen da ke juyawa a cikin injin, da abin da yake juyawa a kai akwai ɗan siririn fili da mai ke cikawa, don kada ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Dattin da ke cin wannan wuri ido ba ya ganinsa. Maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin gashin kai ɗaya ya kai maikiron 70 ko kusa da haka, shi kuwa dattin da ake magana maikiron 20 ne zuwa ƙasa. Akwai gwajin da ake yi wa filtoci mai suna ISO 4548-12, inda ake zagaya mai da ƙura a ciki, a ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita. In ka ga kamfani ya rubuta a kwali cewa filtarsa tana kama kashi kaza cikin ɗari, nemi girman dattin da yake nufi. Kashi 99 a maikiron 40 ba abin alfahari ba ne, ko rariya tana kama tsakuwa.

Amma fa matsewa ba ita kaɗai ba ce. Filta mai matsewa sosai, in takardarta kaɗan ce, da wuri za ta toshe. In ta toshe, injin ba zai zauna ba mai ba, akwai wani bawul da ke buɗewa ya bar man ya wuce ta gefe ba tare da tacewa ba. Ƙazamin mai ya fi babu. Wannan bawul yakan buɗe kuma da sanyin asuba, lokacin da man ya yi kauri. A filtar gwangwani yawanci bawul ɗin yana cikin gwangwanin, don haka na arha yakan zo da bawul na arha. A katirij ta Toyota kuwa yana jikin murfin motar. Wannan ya rage wa filtar kasuwa hanyoyin yin ɓarna. Abin da ya rage mata uku ne: ingancin takarda, daidaiton awo, da zoben roba.

Awon shi ne inda na fi jin tsoro. Filtar tana zama ne a kan wani bututu mai huji-huji da ke tsakiyar murfin. In ta gaza tsawo ko da kaɗan, ko ramin tsakiyarta ya yi faɗi, mai zai samu hanya ya zagaye ta. Mai kamar ruwa ne, inda ya fi sauƙi yake bi. Motar za ta tashi lafiya, fitilar mai ba za ta kama ba, kai kana ganin an yi juye, alhali rabin man ba ya ratsa takardar. In kuma ta fi tsawo, murfin zai danne ta, ninkin ya lanƙwashe ko ya yage. Nan ne ta kamfani ke da galaba ta gaskiya: da ita aka auna gidan tun farko.

Wannan bututun ma, a kula da shi. Wani lokaci yakan fito manne a cikin tsohuwar filta, yaron gareji ya jefa su bola tare. In aka sa sabuwa ba shi, ƙarfin mai zai murƙushe ta kamar gwangwanin lemo, komai tsadarta.

Sai zoben roba. Ƙaramin abu ne, amma shi ke riƙe man injin gaba ɗaya. A kwalin YZZA1 za ka tarar da babban zobe na murfi, da ƙarami na ɗan notin da ke ƙasan murfin, da wani ɗan bututun roba na tsiyaye man da ke ciki kafin a kwance. Filtoci masu arha a nan suke cin riba: robar takan bushe da zafi, ta daskare, ta fara yoyo kafin lokacin juye na gaba. In ka ja zoben ka ji shi kamar busasshiyar fata, ko ka ga ya fi tsohon siranta, mayar. Kuma ko na asali ne, in bakanike ya sa shi a ramin da ba nasa ba, ko bai shafa masa sabon mai ba, zai tsinke. Murfin da sifana ta musamman ake kama shi, mai faɗin milimita 64, kuma ƙarfin ɗaurinsa Nm 25 ne kacal. Wato da ya zauna, an gama. Mu kuwa sai a sa dogon ƙarfe a taka da ƙafa, ran juye na gaba murfin roba ya tsage, a ce filta ce ba ta da kyau.

Yanzu ga maganar da ta fi shafar mu. A Amurka, inda yawancin waɗannan motoci suka fito, gardamar takan tsaya ne a kan garanti, kuma dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani soke garanti don kawai ka sa kayan wani kamfanin. Mu da ke sayen 'yar Kwatano mai shekara goma sha, wane garanti? Damuwarmu jabu ce. Kwali ja da fari, tambari ya fito ras, lamba daidai, amma abin da ke ciki ko kusa. Ɗan jabu ba ya wahalar da kansa wajen kwaikwayon abin da ba a nema, sunan da kowa ke tambaya shi yake bugawa. Shi ya sa mai cewa "ni orijina kawai nake sawa" zai iya zama shi ne ya fi kowa shan jabu. A ganina, filtar kasuwa mai suna, daga dilan da ka amince da shi, ta fi "orijina" da aka sayar maka a rabin kuɗinta.

Daɗin katirij shi ne ba ta da inda za ta ɓuya. Ta gwangwani sai ka yanka ta kafin ka ga cikinta, wannan kuwa tsirara take. Fito da ita a gaban mai shago. Dubi ninkin: a jere yake daidai, ko wani wuri ya cushe wani ya wage? Ƙirga ninkin ka gwada da tsohuwar da aka cire, in ka san ta kirki ce. Nemi inda bakin takardar biyu suka haɗu, ka ga ko gam ɗin ya kama daga sama har ƙasa. Tsayar da su gefe da gefe a kan tebur ka duba tsawo. Kada nauyi ya ruɗe ka: ta Toyota ta asali ba ta da faifan roba mai tauri a sama da ƙasa, sakayau take a hannu, wasu na kasuwa kuma suna da shi, kuma wannan kaɗai bai sa sun fi ta ba.

Yaushe mai tsadar ke biyan kuɗinta? In kana sa man roba, wato man inji na sintetik, kana jan dogon zango kafin juye. Toyota a Amurka ta yarda da mil 10,000, kusan kilomita 16,000, ga injinan da ke shan man roba mai lamba 0W-20. Marsandi ma da ta tsawaita zangon juye a injinanta na M112, filta mai zaren roba ta ce a sa, ba takarda ba. Amma littafin Toyota ɗin nan ya ce in ana bin hanya mai ƙura, a dawo mil 5,000, wato kilomita 8,000. Wanda ke tuƙi a Kano ko Maraɗi cikin ƙurar hunturu da gosulo ya san rukunin da yake. A irin wannan zango, ta kamfani ta gaske da ta kasuwa mai suna duk za su kai ka, kuma kuɗin da za ka ƙara wa mai zaren roba gara ka zuba shi a mai mai kyau da filtar iska.

In an gama ɗaurawa, kada ka ja mota nan take. A tayar da injin ya yi minti biyu ko uku, a leƙa ƙasa da tocila a duba bakin murfin da ɗan notin, a kashe, a jira kaɗan, sannan a zaro sandar awon mai. Tsohuwar filtar kuma ka ce a nuna maka ita. In ta fito a miƙe, ninkinta bai karkace ba, rubuta sunanta da shagon da ka saya. In ta fito a murɗe kamar wanki da aka matse, ɗauki hotonta ka kai wa mai shagon.