Wutar ɗakin baya na ƙiftawa? Ku dakata kafin ku kafa rodi a ƙasa

Assalamu alaikum jama'a. Ku zuba wa ƙwan nan ido. Ya kawo, ya dushe, ya sake kawowa, kamar ɗalibi na gyangyaɗi a aji. Nan boyis kwata ce a bayan wani gida a Kano, mita 40 tsakaninta da babban gidan, kuma daga can aka jawo mata wuta. Hajiyar gidan tana sana'ar ƙanƙara da zoɓo a ciki.

Kwanakin nan mutane da yawa sun turo min wani ɗan bidiyo. Mutum ya kafa rodi, wato sandar ƙarfe, a ƙasa, ya ɗauki guntuwar waya ya haɗa nutural (wayar da ke mayar da wuta) da wayar ƙasa (wadda ke zuwa rodi) a cikin akwatin bireka, ƙwai ya daina ƙiftawa, ana ta sa masa albarka. Abin da aka yi a gidan nan ke nan sak, kafin a kira ni. Da na iso na gaishe ta, Hajiya ta ce, "Malam, ƙwan ya ɗan lafa, amma yanzu firiza ce ke jan yara in sun taɓa ta ba takalmi." Na ce, "Hajiya, don Allah kada kowa ya ƙara shiga ɗakin nan sai na gama."

Za mu dawo kan guntuwar wayar nan. Bari mu fara da abubuwan da ke sa ƙwai ƙiftawa, da sauri.

In ƙwai ɗaya ne kawai, canza shi, duba mariƙinsa, duba makunni. Sau da yawa a nan zancen ke ƙarewa. In maƙwabta ma nasu na rawa, daga falwaya ne ko taransifoma, wannan aikin kamfanin wuta ne, ku kai ƙorafi, kada wanda ya hau. In kuma ƙwan na dushewa ne daidai lokacin da firiza ko injin ruwa ya tashi, sannan ya dawo daidai, ku dubi kaurin wayar. Inji na zuƙar wuta ninkin-ba-ninkin a daƙiƙar da zai tashi. Siririyar waya mai milimita 1.5, a tsawon mita 40, in aka ja amp 15 ta cikinta, kusan bolt 17 ke zubewa a hanya. Mai milimita 6 kuwa, bolt 4 da ɗoriya. Ga su nan gefe da gefe a tafin hannuna, ku ga bambanci.

Amma namu ya fi haka. Yana ƙiftawa ko ba a kunna komai ba. Wannan alamar sako-sako ce a wani mahaɗi.

Mun kashe wuta daga babban akwati. Mun zare janareto, mun kashe inbata, domin ta can ma wuta na iya biyowa ta baya. Na auna da mita, na tabbatar babu komai, sannan na sa hannu.

To ga ɓarawon. Ku matso da kyamara. Wannan baƙar wayar ita ce nutural ɗin da ya tafi ɗakin baya. Kun ga robar ta narke ta yi ƙwan-ƙwan, jan ƙarfen ya yi baƙi ƙirin, kuma da na taɓa sukurun da sukundireba sai ya juya ba gardama. Da ma a ce kuna jin wari ta wayar salula, da kun ji ƙaurin. Wayar na taɓawa tana saki, shi ya sa ƙwai ke ƙiftawa. A gidan da ke da fes uku, wato layukan wuta uku, abin ya fi muni: in nutural ya saki, wani ɗakin ya dushe, wani ya yi haske fiye da kima, domin wutar da ya kamata ta tsaya a bolt 230 tana iya hawa ta doshi 400. A nan ne talabijin da caja ke ƙonewa a dare ɗaya.

Yanzu mu tsaya a wurin da ake ruɗewa.

Waya uku ce a wayarin. Laif, ja ko ruwan ƙasa, ita ke kawo wuta. Nutural, baƙa ko shuɗiya, ita ke mayar da wutar zuwa taransifoma, kullum tana cikin aiki. Ta ukun, mai kore da rawaya, wayar ƙasa, tana manne da jikin ƙarfen firiza, da dutsen guga, da injin ruwa, da akwatin bireka kansa. Ita maigadi ce. A ranar lafiya wuta ba ta bi ta cikinta ko kaɗan, tana jiran ranar da laif za ta taɓa jikin ƙarfe ne kawai.

Da aka sa guntuwar wayar nan, an mayar da maigadi ɗan dako. Wutar da ta rasa hanya ta nutural sai ta bi wayar ƙasa, ta gangara rodi, ta ratsa ƙasa tana neman taransifoma. To me ya sa ƙwan ya lafa har mutane suka yarda? Ku biyo ni a kan allon nan, lissafin ba shi da wuya.

Ƙasa ba ta wuce wa wuta kamar jan ƙarfe, tana tirjiya. Mu ƙaddara tirjiyar rodin nan om 50 ce. Ƙwan LED mai wat 10 abin da yake ja bai taka kara ya karya ba, don haka bolt 2 ko 3 kacal ke tsayawa a kan rodin. Ƙwai ya samu kusan duk wutarsa, ya haska tar, mai gida ya biya kuɗin aiki yana murna. Sai wata ta zo ta jona dutsen guga mai wat 1000. Tirjiyar dutsen gugar kusan om 53 ce, kusan daidai da ta rodin. In nutural ya saki gaba ɗaya, sai su raba bolt 230 ɗin biyu: rabi a dutsen guga, rabi a kan rodi. Wato sama da bolt 100 na zaune a kan wayar ƙasa, da duk ƙarfen da ke manne da ita. Murfin firizar nan da yara ke buɗewa da jiƙaƙƙen hannu, a kan siminti mai laima, yana ciki.

Kuma bireka ba zai faɗi ba. Wutar da ke gudana amp 2 ce da ɗan kai, shi kuwa an yi shi ne don amp 20. A wurinsa komai lafiya lau. Jikin ɗan Adam kuwa, abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amp ɗaya ba, in ya ratsa ƙirji, yana iya tsayar da zuciya. Wallahi wannan ne ke hana ni barci in na ga irin bidiyon nan, domin wanda ya yi aikin ya tafi gidansa, yaran gidan ne za su ci gaba da taɓa firizar.

Wasu za su ce ai sun ga masu wayarin a Amurka na haɗa su. Tsarinsu daban ne, bolt 120 da 240 suke amfani da su, kuma ko su a wuri ɗaya tak suke haɗawa, a akwatin farko inda wuta ta shigo. A akwati na biyu, na gareji ko rumbu, raba su suke yi, har ma tun 2008 ƙa'idarsu ta wajabta a ja wa irin wannan ginin, in sabo ne, wayar ƙasa tasa daban. Mu a nan, yawancin gidaje laif da nutural kawai ke saukowa daga falwaya. An riga an haɗa nutural da ƙasa can a taransifoma, rodin gida kuwa na wayar ƙasa ne ita kaɗai.

Ga gyaran. Na cire guntuwar wayar, ga ta nan, ko taƙi ɗaya ba ta kai ba. Na yanke ƙonannen bakin nutural har inda jan ƙarfe ke sheƙi, na canza mahaɗin da ya ci wuta, na ɗaure tam, na ja da hannu na ji bai motsa ba. A ƙaramin akwatin ɗakin baya, sandar nutural tana zaune a kan roba, ba ta taɓa jikin akwati. Sandar wayar ƙasa tana ɗaure da jikin akwati, daga nan ta fita zuwa rodi.

Rodin ban cire shi ba, yana da amfaninsa, amma sai da abokin aikinsa. Ga shi nan: RCD mai miliamp 30, wato kashi 30 cikin dubu na amp ɗaya, wanda wasu ke kira ELCB. Yana auna wutar da ta fita ta laif da wadda ta dawo ta nutural, da ya ga giɓi sai ya katse kafin ƙiftawar ido. In kun ji mai wayarin ya ce a cire shi wai yana yawan faɗuwa, ku ce masa a'a, ya nemo abin da ke yoyo. Ni a ganina, duk ɗakin da ke da firiza ko famfo, kuɗin RCD ya kamata a fara warewa kafin na fenti.

Wani abu kuma da ƙasarmu ta Arewa: rodin da ya yi kyau a watan Agusta, ƙasa na jiƙe, tirjiyarsa na hawa idan hunturu ya busar da ita. Gishiri da gawayin da ake zubawa a rami suna taimakawa, amma gishiri na cin ƙarfe a hankali. Ku sa a auna shi da rani, a duba maɗaurinsa.

Mu mayar da wuta. Firiza ta tashi, dutsen guga na jone, ƙwai ko gezau. Mita tsakanin jikin firiza da ƙasa, kusan sifili. Ga ɗan maɓallin gwaji a jikin RCD, na nuna wa Hajiya, na ce ta riƙa danna shi lokaci-lokaci. Hajiya, bismillah, danna da kanki. Ƙas! Kun ji ya faɗi. Ɗaga shi sama, a ƙyale yara su shigo su ɗauki zoɓonsu.