Can, must, should: ƙananan kalmomin da ke jan aikatau a Ingilishi

Salamu alaikum jama'ar Damagaram, da ku masu kallonmu daga Magarya, Matamaye da Tanut. Bari mu fara da wayar salula. Ka kira abokin cinikinka na Legas, layi na yankewa, sai ka ji yana ta maimaita "Can you hear me?" Mu da Hausa "kana ji na?" kawai muke cewa, ba mu sa "iya" a ciki. Faransanci ma haka yake, "tu m'entends?" Amma mai Ingilishi ya saba ɗora can a gaban hear da see: "I can see you", ina ganin ka. Wannan can ɗin ɗaya ce daga cikin kalmomi 9 da za mu duba yau: can, could, may, might, will, would, shall, should da must. A littattafan nahawu ana kiran su modal verbs. Mu ce musu mataimakan aikatau, don ba su ɗauke da aikin da kansu, sai dai su nuna yadda mai magana yake kallon aikin: zai yiwu ne, dole ne, ko ya kamata ne.

Ga abin da nake so ku riƙe da kyau. Aikatau ɗin da ya biyo bayan ɗaya daga cikinsu yana zuwa tsurarsa, ba ƙari gaba, ba ƙari baya. "She can speak English." Ba "she can speaks" ba, ba "she can to speak" ba, ba kuma "she cans" ba.

Na san daga inda kuskuren yake fitowa, kuma ba rashin ƙoƙari ba ne. Tun ajin farko na kwaleji aka haddace mana cewa aller na Faransanci shi ne to go, manger shi ne to eat. To da ɗalibi ya zo juya "je peux aller", sai hannunsa ya rubuta "I can to go". Sannan an sha nanata mana s ɗin nan ta "he goes", har ta kai muna liƙa ta ko'ina. A nan kuwa ba ta da gurbi: "he will go". Ku tuna wahalar je peux, nous pouvons, ils peuvent. Ingilishi ya ɗauke muku wannan nauyin gaba ɗaya: I can, we can, they can, kalma ɗaya ba ta sauyawa.

Tambaya ma ba ta buƙatar do. Ka jawo mataimakin gaba kawai: "Can you come?" Korewa kuwa not ce a bayansa, can't, shouldn't, wouldn't. Will kuwa mai ban mamaki ce, ita won't take komawa.

Yanzu must. Mutumin Zinder ba sai an fassara masa ita ba, tunda sunan babbar kasuwarmu ke nan, Dole. "You must pay", dole ka biya. Sai dai idan ta haɗu da be, sau da yawa takan sauya fuska. Baƙo ya sauka daga motar Agadas, ƙura har gashin ido, sai ka ce masa "You must be tired." Ba tilasta masa gajiya kake yi ba. Cewa kake, lalle ka gaji. Alama ka gani, ka yanke hukunci. Kishiyar wannan kuwa ba mustn't ba ce, can't ce: "He can't be at home", ba zai yiwu yana gida ba, yanzun nan na gan shi a Birni.

Akwai wani rami a nan da nake jin tsoronsa ga masu rubuta BEPC, wato jarrabawar kammala kwaleji, da masu neman aiki. "You mustn't come" hani ne, kada ka zo. "You don't have to come" kuwa sassauci ne, ba dole ba ne ka zo, in ka ga dama ka zo. Ka ɗauka ka gayyaci malaminka ɗaurin aure, kana son ka ce masa kada ya takura wa kansa, sai ka ce "you mustn't come". Ka kore shi ke nan ba ka sani ba. Sannan must ba ta da siffar abin da ya wuce, had to ake aro mata: "I had to go", dole ta sa na tafi.

May da might, ku ɗauke su a matsayin "wataƙila". "It might rain", wataƙila a yi ruwa. Shall kuwa ta yi ƙaranci a bakin mutane, an fi jin ta a tayi irin "Shall we go?", mu tafi?

Inda nake so mu ɗan daɗe shi ne ladabi, domin mu mutane ne masu "don Allah" da "ko za ka taimaka". Bahaushen da ba zai taɓa ce wa babba "ba ni" kai tsaye ba, sai ka ji shi da Ingilishi yana cewa "give me" ko "I want", ba don rashin kunya ba, don dai abin da ya sani ke nan. Alhali ladabin Ingilishi a cikin could da would yake zaune. "Could you help me?", ko za ka taimaka mini. "I would like some water", ina son ruwa in ba damuwa. Wanda ya san je voudrais da pourriez-vous ya riga ya san wannan dabarar. Could ita ce siffar abin da ya wuce ta can, shi ya sa ake cewa "I could run fast", a da ina iya gudu. Amma a roƙo ba maganar jiya take yi ba, tausasa harshe take yi.

Saura "da na sani", wadda Hausawa suka ce ƙeya ce. Da Ingilishi gininta uku ne: should, sai have, sai siffa ta uku ta aikatau, wadda kuka haddace a go, went, gone. "I should have gone early", da na sani na tafi da wuri. Ku lura have ɗin ma tsurarta take, ko da mace ɗaya ake nufi: "she should have called", ba has ba. A baki kuwa ba za ku ji have ɗin a fili ba, haɗiye ta ake yi, should've, kamar "shudav". Ku maimaita bayana sau uku, a hankali: I should've gone.