An Ɗauke Ganga, An Bar Makaɗi

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Akwai wata magana da na gaji da ji. Duk sanda wani mawaƙin dancehall, wato kiɗan rawa na Jamaika da ya tsiro daga reggae, ya saki sabon faifai, kafin mako ya zagayo masu lissafi a Amurka sun fito da alƙaluma: ga 'yan dubban da ya sayar, kasuwa ta watse, duniya ta juya wa kiɗan baya. Makon jiya wani abokin aikina ya maimaita mini ita a nan cikin ɗakin shirye-shirye, har da girgiza kai kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa. Na ce masa, malam, wa ya rasu?

Hujjarsu dai ba ta wuce tuna nasarorin da mawaƙan Jamaika suka yi a baya. Shabba Ranks ya ci kyautar Grammy a 1992, ya sake ci a 1993. Faifan Shaggy mai suna Hot Shot, na shekarar 2000, ya hau saman jadawalin Billboard, mujallar da ke jera faya-fayan da suka fi tashe, ya sayar da kwafi miliyan 6 a Amurka kaɗai. Sean Paul ya biyo baya da Dutty Rock a 2002. Sai su ce, to daga nan wa ya sake? Su ƙara da cewa yau in ka duba jadawalin faya-fayan reggae, Legend na Bob Marley ne ya yi zaman dirshan a sama, faifan 1984, na mutumin da ya bar duniya tun 1981. Duk gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Abin da nake musu shi ne mudun da suka ɗauko.

Dancehall a bakin titi ya tashi. Ku ƙaddara kuna wata unguwa a Kingston da tsakar dare: an jibge lasifikoki kan juna sun fi mutum tsayi, ƙarar tana bugun ƙirji, mai gasa kaza a rabin ganga yana fifita wuta a gefe. Waƙa ta yi daɗi, taro ya ɗauki ihu, mai saka faifai ya katse ta tun ba ta yi rabin minti ba, ya mayar da ita farko. Nan ake yanke wa waƙa hukunci, a daren, a gaban jama'a. Kuma tsarin sana'ar shi ne mai haɗa sauti ya yi kiɗa guda, wanda suke kira riddim, mawaƙa goma ko ashirin su hau kansa, kowa da baitinsa, a ga wanda zai fi. A 1985 Wayne Smith da King Jammy suka ciro wani kiɗa daga ƙaramin keyboard na Casio, aka sa masa Sleng Teng, waƙoƙi ɗaruruwa suka hau shi. A 2003 kiɗa guda na Lenky Marsden, mai suna Diwali, ya ɗauki Sean Paul zuwa lamba ɗaya a Amurka, ya ɗauki Wayne Wonder da Lumidee cikin jadawalin a shekara guda. Sana'ar da ke tafiya waƙa ɗaya-ɗaya haka, ka zo kana auna ta da faifai mai waƙa goma sha biyar? Ai ka auna gero da kwalbar man gyaɗa.

To bari ma mu yarda da mudun nasu, mu tambaya: duniyar da aka ce ta juya baya, me take rawa da shi? A 2015 Justin Bieber ya fito da Sorry. A 2016 Rihanna ta fito da Work, Drake ya cika gidajen rediyo da One Dance da Controlla. Kowa ya san daga gidan dancehall aka ɗebo wannan wuta. Amma mujallar Rolling Stone ta buɗe baki ta kira waƙar Rihanna "tropical house", wani salon kiɗan rawa na daban. Sabon suna, ranga-ranga, ga ɗan da ya riga ya yi gemu! Sean Paul da kansa ya koka a wannan shekarar, ya ce ana ɗaukar kiɗansu ba a faɗin inda aka samo shi. An ɗauke ganga, an bar makaɗi a tsaye.

Wasu za su ce ai harshen ne matsala, turancin Jamaika ba kowa ke kama shi ba. Haba! Faifan Bad Bunny, mawaƙin Puerto Rico, na 2022 da Sifaniyanci aka rera shi, ya yi mako 13 a saman jadawalin Amurka. Su wa suka fassara wa Amurkawa? Wannan magana ba ta da ƙafa.

Wadda take da ɗan nauyi ita ce ta batsa da kirarin bindiga, kuma a nan ba zan wanke kowa ba. Hukumar kula da kafafen watsa labarai ta Jamaika ma ta haramta saka irin waɗannan waƙoƙi a 2009, ta sake ja musu layi a 2022. Akwai baitocin da ni kaina ba zan saka a wannan tasha ba ko da kuɗi. Sai dai rap na Amurka fa? Wane tsarki gare shi? Ana sayar da shi miliyoyi. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne a 2010 Amurka ta soke bizar Beenie Man da Bounty Killer da Mavado. Ka hana mutum shiga kasuwa, sannan ka dawo kana tambaya don me hajarsa ba ta tafiya. Vybz Kartel, wani babban mawaƙin dancehall, ya yi shekara 13 a kurkuku, ya fito a 2024, ya cika dandalin Barclays na Brooklyn dare biyu a jere a Afrilun 2025. Gawa ce ta tara wannan jama'a? Ku leƙa Nima a Accra ku ambaci Shatta Wale, mawaƙin dancehall na Ghana, ku ji amsar da za a ba ku.

An ɗauke ganga, na ce, an bar makaɗi. A 2022 Grammy ta reggae ta tsallake Spice da Sean Paul da sauran 'yan Jamaika, ta faɗa hannun SOJA, wata ƙungiya daga jihar Virginia. Babbar shaida kuwa tana kotu. A 1989 Steely da Clevie, wasu masu haɗa sauti 'yan Jamaika, suka haɗa wani kiɗa mai suna Fish Market. A kan zubinsa Shabba Ranks ya rera Dem Bow a 1990, daga nan kiɗan ya ƙetara Panama da Puerto Rico, ya zama ƙashin bayan reggaeton, kiɗan rawa da ake rerawa da Sifaniyanci, wanda shi ne abincin Bad Bunny ɗin da na ambata ɗazu. A 2021 aka shigar da ƙara a Kalifoniya kan cewa mawaƙan reggaeton sun kwafi Fish Market ba izini, daga baya ta faɗaɗa ta haɗa da waƙoƙi sama da 1,800, kuma a 2024 alƙali ya ƙi korar ta. Waƙa dubu ɗaya da ɗari takwas, jama'a, kan kiɗan da abokina yake yi wa ta'aziyya. Shi Steely tun 2009 ya rasu. Magadansa ne suka tsaya wa sunansa a gaban alƙali, tare da Clevie.